Kafaɗar Bajimin Yayana

Ana sallame sallar asuba na ɗaure jakar aikina a bayan keke na bar Karaye, ko koko ban tsaya sha ba. Da yammacin jiyan ne wani ɗan koli ya kawo mini saƙo daga Rogo: ɗaya daga cikin shanun huɗa biyu na yayana ya zame a gangaren rafi, ƙafarsa ta gaba ta dama ta buɗe waje, kwana uku bai taka ta ba. Maɗori ya ce kafaɗa ce ta goce. An sa bayan la'asar ɗin yau za a kayar da shi, a ɗaura igiya, ƙarti su ja har ta koma. In ta ƙi, sai wuƙa.

Ni malamin dabbobi ne na En'e, wato hukumar gargajiya, watana bakwai da fitowa makaranta. Abin da na sani shi ne, in tsoka ce ta yage, jan nan shi zai ƙarasa ta. Yaya kuwa ba shi da wata dukiya bayan shanun nan, ga ruwan shuka ya sauka, sa ɗaya kuma ba ya jan garma.

Abokin tafiyata wani dattijo ne kakkaura da na tarar a bakin gari yana bai wa kekensa iska. Da ya ce Rogo za shi, har na yi murna na samu abokin hira. Hanya ba ta da daɗi. Inda ruwa ya kwanta taɓo ne mai riƙe taya, inda bai kwanta ba rairayi ne, sai ka sauka ka tura. Wata motar 'yan kasuwa da ta wuce mu da hantsi tana mana ham, mun same ta a gaba ta kafe, fasinjojin sun naɗe wanduna suna turi. Ban ji tausayinsu yadda ya kamata ba. Ko'ina ka duba mutane ne a duƙe suna shuka, ni kuwa duk gonar da na ga shanu biyu a ciki sai na tuna da ta yayana.

Rana ta take tsaka muka tsaya gindin wata tsamiya, wurin wata mai fura da ta ce daga Yammedi take. Furar kwabo, nonon kwabo, ta kuma rantse ba ta ƙara ruwa ba, ko da yake nonon da kansa ya ƙaryata ta. A nan abokin tafiyata ya kwance ƙunshin da ke bayan kekensa don ya ciro goro, sai ga wuƙaƙe uku da dutsen washi.

Na ce, “Baba, fawa ake yi?”

Ya ce, “Shekara talatin. Wani sa aka ce ya karye a Rogo, zan je in gani ko rabona ne.”

Na ajiye ƙwaryar furar. Ashe tun asuba da mai yanka bajimin yayana nake tafe, har na taya shi tura keke a rairayi. Na gaya masa ko ni wane ne, ina jiran ya ji kunya. Ko a jikinsa. Goro ma ya ɓara ya miƙo mini, ya ce Allah ya ba mai rabo sa'a. Daga nan ban ƙara yi masa magana ba, na dinga taka keke kamar ana bina. Tayata ta baya kuma ta zaɓi wannan lokacin ta yi faci. Shi ne ya sauka ya liƙe mini. Na yi masa godiya, amma ba da zuciya ɗaya ba.

Ana kiran la'asar muka shiga Rogo ta gefen fadamun rake. A ƙofar gidan Yaya na ga igiya sabuwa a naɗe, ga ƙarti biyar a zaune kan dakali. Maɗorin kuwa tsohon nan ne da ya ɗora mini hannu ina yaro, lokacin da na faɗo daga kan kanya. Na durƙusa muka gaisa, ya tambayi aiki, ya tambayi Turawanmu, ya kama hannun nawa ya jujjuya yana yaba aikinsa. Ta yaya zan ce wa wannan mutum ya yi kuskure?

Bayan salla na roƙi a bar ni in duba. Bajimin yana tsaye a kan ƙafa uku, ya rame, ta huɗun tana karkace waje. Na fara da gaɓar da allon kafaɗa ke haɗuwa da ƙashin dantse, don ita tana iya gocewa, kuma ita nake tsoro tun daga Karaye. Na taɓa ta hagu, na taɓa ta dama, duk ɗaya. Da na zura hannu cikin hamata, tsakanin ƙafar da ƙirji, sai na ji kumburi da zafi, bajimin ya zabura har ya kusa take ni.

Na ce da maɗorin, “Baba, gaɓar lafiya take. Nama ne ya yage a ciki.”

Ya ce, “Ba ta ƙasan nake nufi ba, ɗana. Allon ne ya fita daga gurbinsa a jikin haƙarƙari.”

Na shiga bayani yadda Bature ya zana mana a allo. Na ce ƙafar gaba ta dabba ba ta da gurbi a jikin haƙarƙari ko kaɗan, tsoka ce kawai ke riƙe da ita. Akwai mai faɗi da ta taso daga wuya da awazu ta kama allon kafaɗar ta ciki, akwai waɗanda suka sauko daga wajen tozo, akwai na ƙirji masu janyo ƙafar kada ta buɗe. Gangar jikin rataye take tsakanin ƙafafun nan biyu kamar ƙwarya a ragaya. Har littafina na ciro. Ƙartin suka leƙa zanen, ɗaya ya tambaya ko taswirar gari ce.

Yaya ya ce, “Malam, sa mai nauyin buhu huɗu, ka ce nama ne ke riƙe da shi? Ka bari a yi abin da aka saba.” In yana jin haushina ne yake ce mini Malam. Ya yi wa ƙartin alama, suka miƙe suka fara warware igiya. Na waiga, babu mahaucin, na ce a raina ya tafi wasa wuƙa.

Sai ga shi ya dawo da rabin akuya a kafaɗa, ya aro wurin 'yan'uwansa mahautan gari. Ya shimfiɗa ta a kan faifai gaban maɗori, ya ce, “Baba, a gafarce ni, a duba nan.” Ya ɗaga ƙafar gaba, ya sa ƙaramar wuƙa a hamata, ya ja sau uku a hankali. Karfata, wato kafaɗar, ta rabu da jiki gaba ɗaya, ba sara, ba ƙarar ƙashi. Ya ce cinya sai ya nemi gaɓa ya ɓalle, amma karfata tun yana yaro bai taɓa ɗaukar mata gatari ba.

Tsohon ya shafa haƙarƙarin akuyar da tafin hannu, sama da ƙasa, yana neman gurbi. Sumul yake. Sannan ya tashi ya je ya sa hannu a hamatar bajimin, inda na sa nawa. Ya ce, “Mutane nake ɗorawa, su na sani. To, ɗana, me ake yi wa yagaggen nama?”

Na ce hutu, da ruwan sanyi safe da yamma, da dabaibayi don kada ƙafar ta sake buɗewa, kwana arba'in. Shi da kansa ya yanki sabuwar igiyar nan, ya naɗe ta da tsumma, ya yi dabaibayin da ni ban iya irinsa ba. Yaya dai bai yi murna ba. Kwana arba'in a farkon damina ba ƙaramin abu ba ne, sai ya nemi aron sa ko ya koma fartanya. Ya ce da ni, “In bai tashi ba fa?” Na ce Allah zai tashe shi.

Da safe bajimin ya ci dusa, ya ɗan dangana kofato a ƙasa ya janye. Iyakar abin da na gani ke nan muka kamo hanya. A gindin tsamiyar jiya na tambayi mahaucin abin da ya sa ya ɓata cinikinsa da hannunsa. Ya ce ba zai tsaya yana kallo a yaga dabba da ranta ba, kuma naman da aka ja da igiya jini ne ke kwanciya a ciki. Ya ƙara da cewa yayana ya san rumfarsa, in abu ya ƙi, shi za a fara aiko wa. Wannan karon ni na biya furar.

Mun shigo Karaye gab da magariba. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, abin da na yi shekaru ina haddacewa a littafi yana nan a bakin wuƙar mutumin da na ƙi yi wa magana rabin hanya. Ban dai samu kwanciyar hankali ba tukuna. Kullum da safe, kafin in je ofis, sai na zaga ta rumfar mahauta, ba don in sayi nama ba. Kekensa nake dubawa. Yau kwana goma sha biyu, yana nan a jingine.