Makullin Akwatin Baba Ishaya

Shekara bakwai ke nan da rasuwar mahaifina, Baba Ishaya, kuma shekara bakwai ke nan makullin akwatinsa yana cikin jakata, ya hana ni sukuni.

Tsohon ɗan badujalar soja ne. Da ya yi ritaya ya dawo unguwarmu Mayo Gwoi a Jalingo, sai ya tara yaran unguwa a gindin mangwaron gidanmu, 'yan coci da 'yan Islamiyya, yana koya musu busa da kiɗa duk ranar Asabar. Kunnuwanmu sun ji jiki. Ko kajin gidan ba sa yini a gida ranar.

Akwai ɗabi'arsa guda da take ba ni haushi: ba ya ajiye kayan kiɗan a wurinsa. Duk yaron da hannunsa ya faɗa, sai Baba ya aike shi ya karɓo ƙyallen tsohon zanin uwarsa, a ɗaura a wuyan bigila ko igiyar ganga, yaron ya tafi da abinsa gida. A ganinsa, uwar da ta yaga zaninta ba za ta bari a wulaƙanta kayan ba. Ni kuwa gani nake sakaci ne tsagwaronsa.

Shi ya sa ana gama zaman makoki na bi gida-gida na karɓo komai, na jera a akwatinsa na katako, na danna kwaɗo. Wai ni mai riƙon amana. Ba a yi wata biyu ba yaran suka watse.

Yanzu idan na ga yaran unguwa sun yi cincirindo a kan waya ɗaya, sai in ce ko me Baba zai ce? Ba na jin zai zagi wayar, ƙila ma ya ce a nemo masa kiɗa a ciki. Ni zai juyo ya tambaya ina kayansa. Tambayar nan takan sa in ture kwanon abinci in miƙe tsaye.

Makon jiya a Kasuwar Jalingo na ci karo da Hajara, wadda ta fi kowa iya busa a lokacin. Tumatir take sayarwa yanzu.

Ta ce, "Anti Rifkatu, bigila na yana nan? Yarinya na ya girma, ina so na koya mishi. Mama ma ya rasu, ko zani nashi ɗaya ban samu ba."

Na juya na nufi gida. Ina isa gida na buɗe akwatin. Gara ta cinye ganguna biyu, sarewa ta tsage. Abin da yara ba su ɓata ba duk tsawon shekarun nan, ni na ɓata shi da kwaɗo. Kunya ta rufe ni, na zauna na yi kuka. Amma bigilar Hajara tana nan, da shuɗin ƙyallen uwarta a wuya.

Ashe abin da Baba ya bari ba a akwati yake ba, yana wurin waɗanda ya yarda da su. Na share gindin mangwaron, na aika wa Hajara saƙo. Ranar Asabar Hajara za ta zo da 'yarta, na ce ta yago ƙyallen nata zanin, amma kada ta kwance na uwarta.