Kawu Sale da Ciyawar Warsan

Duk wanda ya taɓa shiga mota da Kawu Sale zuwa sito a Al Warsan da ke Dubai ya san ihun nan: "Tsaya! Tsaya!" Direba ya taka birki yana salati, kai kana zaton mutum aka buge, ashe ciyawa Kawu ya hango. Ƙanin mahaifina ne, ni nake taya shi ɗaurin kaya a Murshid Bazaar, don haka na sha wannan wahala fiye da kowa.

Wata ciyawar rairayi ce mai tsiro a dunƙule, ganyenta siriri a naɗe kamar allura, kanta da farin gashi irin na ɗan tsako. Hajiya yake kiranta. Ya rantse ita ce ciyawar da yake kiwo a cikinta yana yaro a ƙauyenmu, can wajen Maigatari, kuma burinsa a duniya ya tabbatar.

Ran nan kwantena na jiranmu, mai kaya na ta bugo waya, Kawu na durƙushe yana tono.

"Kawu, yalla mana, mu tafi! Ai ta bushe."

"Kai ne ka bushe! Barci take. Ruwa ɗaya zai sauka ta farka, shekara da shekaru haka take. Dubi saiwar, rairayi ta manna ta yi riga da shi don kada rana ta ƙona ta. Kai wa ya ɗinka maka taka, ba tela ba?"

Daga nan ya dasa ta a bokitin fenti, ya kai flat ɗinmu a Hor Al Anz. Bulus mai gyaran AC, abokin zamanmu mutumin Kafanchan, tausayi ya kama shi, kullum sai ya juye mata ruwan da na'urar ke ɗigarwa. Kafin wata ya ƙare ta ruɓe. Kawu ya riƙe kai.

"Bulus, ka kashe ta da gata!"

"Baba, na ga kamar tana jin ƙishi ne."

"Ƙishin ne abincinta! Khalas, shi ke nan, ku zo ku yi min gaisuwa."

Wallahi sai da muka zauna muka yi.

Ranar da aka kawo katafila za a share filin da ciyawar ke tsiro, Kawu ya tsaya gaban motar da babbar riga yana "Shwaiya, habibi, shwaiya!", wato a hankali, har ya tsinke kawunan da suka nuna. Ya hura ɗaya, gashin ya ɗauki ƙwayar ya yi sama da ita.

"Ka gani? Ita ba ta neman visa."

Sauran ya ƙulle a hankici, wai in ya je gida zai nuna wa yayarsa, Gwaggo Hure, da suka yi kiwon tare. Bai je ba. A 2014 ciwo ya kwantar da shi, a Dubai muka binne shi.

Ni na kai hankicin. Gwaggo ta kwance, ta murza, ta shinshina, ta daɗe tana kallo.

"Ba ita ba ce. Tamu ta fi tsayi, kuma ba ta da wannan gashin. Sale dai da taurin kai!"

Muka yi ta dariya har na ga tana share ido. Ta ƙulle ciyawar a bakin zanenta, ta ce, "Amma da shi ya kawo min da hannunsa, da cewa zan yi ita ce."

Na yi kewarka, Kawu. Allah Ya jiƙanka, Ya sanyaya rairayin da kake kwance a ciki, Ya sada ka da gidan da ya fi wanda ka yi ta nema. Amin.