Mai Buɗe Gada Ga Jirgin Da Ba Ya Zuwa

Kowace Alhamis, da an idar da sallar asuba, Usta Mitwalli, wato Gwani Mitwalli mai kula da gada, yakan ɗauki gwangwanin giris da tsumma ya gangara ƙarƙashin gadar ƙarfen da ke kan mashigin ruwan garinmu. Ya bi haƙoran injin da ke juya ta ɗaya bayan ɗaya yana shafawa, sannan ya hau, ya tare hanya da sarƙa, ya sa kafaɗa a mariƙi. Gada ta yi nishi, ta juya, ta ba jirgi hanya. Rabon da jirgin dako ya wuce ta nan shekara ashirin da uku ke nan.

A da, jiragen auduga layi suke yi tun daga gidan gurza har gindin gadar. Yanzu gidan gurza motoci ake ajiyewa a ciki, dogon bututun hayaƙinsa na jan bulo ya zama sheƙar shamuwa, rumbunan bakin ruwa kuwa an rushe su an dasa benaye. Hukuma ta kira wannan ci gaba, kuma a rubuce.

Ummu Fathi mai dafaffen wake ba ta taɓa raga masa ba.

"Usta, wa kake buɗe wa? Agwagi? Masu sayen wakena na can tsallake!"

"Haƙuri, Hajiya. Ƙarfe kamar gwiwarki ne, in ya zauna, ya zauna ke nan."

"Fita batun gwiwata, tsohon banza!"

Bara kainuwa ta toshe ruwa, gonakin gangare suka fara bushewa. Aka turo jirgin yasa, ya zo gada ya tsaya. Wani injiniya ya iso daga lardi da takardar da ta tabbatar cewa gadar ta daɗe da mutuwa, a yanke ta a zuba ta kankare.

"Baba, takarda ta ce gadar ba ta motsi."

"To, ranka ya daɗe, riƙe takardar da kyau, kada iska ta ɗauke."

Usta ya sa kafaɗa a mariƙi, gada ta juya, cikin minti bakwai jirgi ya wuce. Ummu Fathi ce ta fara rangaɗa guɗa. Ba a janye takardar ba, an dai mayar da ita aljihun tebur, tana jira.

Usta, kai ne ka hana a binne gadar nan da ranta. Kai ne na ƙarshe da ke tuna ƙanshin sabuwar auduga a kan ruwan nan, ka kuwa ƙi bari mu manta cewa garin nan ruwa ya fara fuskanta kafin ya juya masa baya. Mun gode, Allah Ya saka maka da alheri.

Jiya ya yi ritaya, kafaɗar ta gaji. Ba a naɗa kowa a gurbinsa ba. Ya rataye mariƙin a rumfar Ummu Fathi, wadda ta karɓa tana share ido da mayafi, ta ce hayaƙi ne.

Jibi Alhamis. Duk mai sauran kafaɗa ya zo bayan asuba. Ummu Fathi ta ce wake kyauta ne.