Rariyar Da Na Juya Bayan Ɗakin Tsohuwa

Ni birkila ne, haifaffen Gwandu, kuma lokacin da wannan abu ya faru na daɗe ina ɗora bulo. Karatuna bai wuce firamare ba, amma mutum ne ni mai tsari: ba na fara aiki sai na ja igiya, ba na tashi sai na wanke cebur. Shi ya sa nake ganin babu mai koya mini gini. Na rubuto muku ne in faɗi abin da girman kan nan ya jawo, kuma zan faɗe shi yadda ya zo, ɗaya bayan ɗaya.

Da farko na sayi fili a wata sabuwar unguwa a bakin garin Kalgo, na cika shi da jar ƙasa har ya fi na kowa tudu. A bayana akwai gidan ƙasa na wani manomi mutumin Diggi, yana zaune da matarsa da mahaifiyarsa, tsohuwa da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar. Ɗakinta ne dab da katangata. Ina cikin gini ma'aikacin tsara gari ya zo, ya ce ƙa'ida ita ce duk sabon gida ya haƙa magudana a gabansa, ya haɗa ta da ta titi, kuma rariyar da ruwan gida ke fita ta fuskanci can. Na ce masa to. Yana juya baya na ce wa leburori wannan ko bulo ɗaya bai taɓa ɗagawa ba, muka yi dariya.

Daga nan na shafe tsakar gida kaf da siminti don kada iyalina su taka taɓo. Ban bar ko taki ɗaya da ƙasa za ta sha ruwa ba. Sannan, da yake shago nake so a gaba, ba na son kwata a ƙofarsa, sai na huda rariyar a baya, cikin ɗan lungun da ya raba mu. Maƙwabcin ya zo da ladabi yana kirana maigida, ya ce ya ga bakin rariyar nan yana kallon ɗakin Inna, ko akwai yadda za a yi. Na ce masa ruwa na Allah ne, ba ni ke saukar da shi ba. Ya ce haka ne, amma hanyar ni na yi masa. Na ci gaba da aikina.

Wata Talata a tsakiyar damina, bayan la'asar, aka ɓarke da ruwa. Na kwanon ɗakuna huɗu da na tsakar gida duk ya taru wuri ɗaya yana fita kamar injin ban-ruwa. Na taka durom na leƙa, na ga lungun ya cika, ruwa yana cin gindin ɗakin, ƙasa tana zubowa. Na san gini, na san bangon nan ba zai kai magariba ba. Maƙwabcin yana gona. Matarsa tana ihu a zo a taimaka, ƙofa ta ƙi buɗuwa, ginin ya zauna a kanta. Na ce wa matata ta toshe rariyar da buhuna ko da ruwan zai shige mana ɗaki, na ɗauki diga na zagaya da gudu. Sara biyar na yi kafin ƙofar ta ɓalle. Tsohuwar tana kwance, ruwa ya kai mata kunne, tana tambaya ko ɗanta ne. Muka ɗago ta ni da matar. Muna bakin ƙofa bangon ya biyo mu, azara ta sauka a ƙafar tsohuwar.

An yi mata ɗori, aka mayar da ita Diggi. Na fasa gaban shagon, na haƙa magudanar, na sake gina ɗakin da bulo, sannan na je neman gafara. Maƙwabcin ya ce nasa ya yafe, na Inna kuwa in je in tambaye ta da kaina. Na je. Ashe ba su gaya mata komai ba. Ta riƙe hannuna tana kirana ɗana, tana sa mini albarka wai ni na fitar da ita. Na ce a raina sai na dawo zan faɗa mata gaskiya. Kafin a yanke gero ta rasu.

Abin da na koya shi ne ruwan da ka kora daga gidanka bai ɓace ba, gidan wani ya nufa, kuma galibi na wanda ya fi ka rauni. Masu gini da masu sa a yi musu, kafin ku ɗora bulo na farko ku tsaya ku duba inda ruwanku zai bi da wanda ke kwance a can. In an ce ku haƙa magudana, ku haƙa. In kuma kun riga kun cuci wani, ku faɗa masa yau. Ni na jira, yanzu ba ni da wanda zan faɗa wa sai ku.