Inda Ciɗo Mai Niƙa Ke Zuwa

A Tawa ba a tafiya haka siddan. Wanda ya ɗauki jaka, ko dai cin rani za shi Abijan, ko saro kaya Kano, ko gaisuwar mutuwa. To ina dalili mutum da hankalinsa, mai mata da ƴaƴa huɗu, zai rufe injinsa kwana goma duk shekara ya nufi arewa, inda ko kasuwa ba ta ci? Shekara tara unguwa ta yi tana wannan tambaya a kan Ciɗo mai niƙa.

Haifaffen Barmu ne, siriri, ba ya da yawan magana. Yana saurayi shi ma ya bi tsaransa Abijan, don a Adar saurayin da bai taɓa ganin teku ba, ƴan mata ba sa kallonsa sau biyu. Wata bakwai ya yi yana dako, su goma sha ɗaya a ɗaki guda. Abokansa suka dawo da rediyo da agogo da labarin benaye. Shi kuwa da aka tambaye shi yadda ya ga birni, sai ya ce, "Mutane sun yi yawa." Aka yi ta dariya har da riƙe ciki, shi ko a jikinsa.

Allah da ikonsa, mutumin da ba ya son hayaniya sai abincinsa ya faɗo a injin niƙa. Wani attajiri ne ya sayi injin ya damƙa masa. Tun hantsi har la'asar ƙarfe na rugugi, mata na ihu kan wadda ta riga ajiye ƙwarya. Ko ya kashe injin, kunnensa ba ya mutuwa, sai ya ci gaba da yi masa kuka kamar sauro ya shige ciki.

A shekarar saba'in da biyar, shekara guda bayan sojoji sun karɓi mulki, aka kira shi gyaran wani inji a wani ƙauye gaba da Takanamat. Kamiyo, wato babbar motar da ya shiga, ta mutu a daji, aka ce sai an aika Tawa neman ƙarfe. Ciɗo ya ɗauki gora ya bi sawun awaki neman ruwa. Ya yi tafiya mai nisa, ya faɗa wani kwari tsakanin duwatsu. Ga ƴar rijiya, ga bukkokin fata uku, ga awakin da suka tsira daga farin da ya wuce. Mai wurin wani dogon Buzu ne, Rissa, da matarsa Zalika da iyalin ƙannensa biyu.

Kwana biyu ya yi wurinsu. Ba wanda ya dame shi da tambaya. Ya zauna gindin wata ƙaya yana jin kukan akuya can nesa, da ƙarar guga in ta taɓa ruwa. A wuni na biyu ya lura kunnensa ya yi tsit. Wallahi sai da ƙwalla ta zo masa don daɗi.

Da zai tafi Rissa ya raka shi bakin kwari, ya ce, "Amidi," wato aboki da yarensu, "ka dawo duk sadda kake so. Amma bakinka. Rijiyar ga ta awaki talatin ce. In garke ya san ta, mun mutu."

Tun daga nan, duk bayan girbi sai Ciɗo ya sayi kan sukari biyu da ganyen shayi da taba, ya ce wa matarsa Habsatu zai ɗan zaga. Zaga ina? Shiru. Unguwa kuwa ba ta yin shiru. Wasu suka ce wurin boka yake zuwa, wasu suka ce fasa-ƙwauri. Habsatu da kanta sai ta zazzage jakarsa in ya dawo, ta shinshina rigarsa, ba ta jin komai sai hayaƙi da warin akuya. Shi ma ya zama mai zargi. Bana ya sauka nan, baɗi ya sauka can, yana tafiya yana waiwaye. Wayyo Ciɗo! Bai san wannan waiwayen ne ke ƙara sa masa ido ba.

Akwai maƙwabcinsa Lawali, masinja a wani ofishin gwamnati, mutumin da ke zuwa injin niƙa ba da ƙwarya ba. Ya zauna kan benci, ya jira a kashe inji, sannan ya fara.

"Ciɗo, bana mu tahi Yamai mana. Ka ga gada, ka ga silima, ka ga mutane."

"Na ga mutane."

"Ikon Allah! Duniya duk tana tahiya inda jama'a suke, kai kana tahiya inda babu kowa. Wa kake gamuwa da shi can?"

Ciɗo ya ɗauki tsumma ya hau goge inji. A zamanin nan ba a son irin wannan tambaya. Ko a wurin shan shayi, in aka zo kan zancen mulki sai kowa ya dubi na kusa da shi ya sauya magana.

Sai ga tamanin da huɗu. Damina ta yi tsaye, gero ya bushe tun bai kai gwiwa ba. Ga kuma raɗe-raɗin cewa wasu samari na sulalewa arewa su tsallake iyaka a koya musu harbi. Mai hankali ya zauna gida. Ciɗo kuwa tunanin Rissa ya hana shi sukuni, sai ya sayi sukari huɗu maimakon biyu, ya ƙara da rabin buhun gero. A irin wannan shekara! Yana ɗora kayan a tasha mutum biyu masu kaki suka kama hannunsa.

Wani gida suka kai shi wanda ko allo babu a ƙofarsa. Babbansu, wanda suke kira ajidan, ya baje sukarin kan tebur.

"Wa za ka kai wa?"

"Wani abokina, ranka shi daɗe."

"Ina yake?"

Ciɗo ya dubi ƙasa.

"To mi kake yi can duk shekara?"

"Zama nike yi."

"Zama? Babu wurin zama a Tawa?"

"Can babu ƙara, ranka shi daɗe."

Marin da ya sha sai da ya ga wuta. Ajidan ya ce shi ba yaro ba ne da za a zo masa da tatsuniya. Ba a taɓa yin ɗan Adar da zai biya mota don ya je ya saurari babu ba. Ko ya kai su wurin su gani da idonsu, ko a tura shi inda sai dai iyalinsa su ji labari.

Kwana huɗu ya yi a ɗaki mai taga guda. Rana ta huɗu aka bar Habsatu ta kawo masa fura. Ta rame a kwana huɗun nan. Ta ce mai inji ya fara neman wani, maƙwabta sun daina shigowa gidan, ko gaisuwa sai daga nesa.

"Malam, don girman Allah, in ba mugun abu ba ne ka nuna musu. Mi ke can da ya fi ɗiyanka?"

Bayan ta tafi ya yi ta lallashin kansa. Waɗannan mutane bindiga suke nema, ina ruwansu da rijiyar awaki? Za su duba, su ga babu komai, su juyo. Ya san yaudarar kansa yake yi, amma tsoro ya riga ya ci shi. Da safe ya ce a kira ajidan.

Da motar soja suka je, shi a baya tsakanin mutum biyu, yana nuna hanya da yatsa. Hanyar da ya yi shekara tara yana ɓoyewa, ga ta tayoyi na zana ta a kan rairayi, makaho ma ya bi. Suka zazzage bukkokin nan uku, ba su sami komai ba sai tabarmi da akushi da salka. Ajidan ya tuntsire da dariya, ya ce, "Ashe da gaske mahaukaci ne!"

Ciɗo ya fara sakin numfashi ke nan sai direban ya leƙa rijiya. Ya zura guga, ya jawo ta cike.

"Ranka shi daɗe, ruwa! A bana!"

Dariyar ajidan ta tsaya. Ya zo ya leƙa da kansa, ya ɗaga kai ya bi ƴar ciyawar kwarin da kallo har ƙarshenta, sannan ya tambayi gaba nawa ne zurfin rijiyar. Rissa ya faɗa masa. Ya hura wuta ya dafa musu shayi kamar yadda ake yi wa kowane baƙo, ya miƙa wa Ciɗo nasa kofin ba tare da ya dube shi ba.

Aka sallami Ciɗo washegari. Unguwa har ta ɗan ji haushi, don ta so labarin ya fi haka daɗi. Ya koma injinsa ya shiga farautar wanda ya kai ƙararsa. Lawali ne? Mai kantin sukari? Direban kamiyo? Ya daina amsa sallamar Lawali, ya sauya kanti, har mata masu niƙa yake yi wa kallon gefe. Da ya ji dillalan dabbobi na zancen wani kwari gaba da Takanamat inda shanun wani babba suka sauka, wasu garkunan kuma suka bi sawu, sai ya ƙara wa inji wuta don kada ya ji sauran.

Da bazara ta kama, mutanen arewa suka cika gefen Tawa, suna kwana a ƙarƙashin buhuna da tsummoki. Ana raba musu jar dawa ta taimako, su kawo niƙa. Wata rana da azahar, cikin layin mata, Ciɗo ya hango dogon mutum da rawani riƙe da ƙwarya. Tun kafin ya ga idonsa ya gane hannuwan. Ya kashe inji. Mata suka ɗauki surutu, bai ko juya ba.

"Rissa."

"Ni ne."

"Rijiya fa?"

"Kwana ashirin da biyu ta yi bayanku, ta ƙafe."

Ciɗo ya so ya tambayi awaki, ya fasa. Ya fara cewa sojoji sun rufe shi, sun ce za su tura shi nesa, yana da ƴaƴa huɗu. Rissa ya ɗaga hannu.

"Na sani. Ban zo bin ba'asi ba. Abu guda ke damuna. Tun zuwanka na fari Zalika ke cewa, wanga mutum ba a banza yake zuwa ba, ba a yin baƙon da ba ya son komai, wata rana zai kawo muna wasu. Shekara tara ina yi mata faɗa a kanka." Ya gyara rawaninsa. "Da tana da rai, da na ba ta haƙuri."

Ya ajiye ƙwaryar a bakin inji.

"Niƙa mini. Yara na jira."

Sau uku Ciɗo yana juya hannun injin kafin ya tashi. Ya zuba jar dawar, ya tare garin, ya miƙa. Rissa ya karɓa ya bi ta tsakanin mata ya fita. Ciɗo ya ƙara shekara goma sha ɗaya a kan injin nan, kuma har ya mutu bai sake fita Tawa ba.