Tsohuwar da ke cikin labarin Hadiza

"Mama, tsohuwar labarina ta rasu. A ina zan rufe ta?"

Ina tsintar shinkafa 'yata Hadiza ta jefo min tambayar. Littafi take rubutawa kan wata mace irina: a Garwa 'yar Najeriya ce, in ta je biki Kano a ce 'yar Kamaru ta iso.

Na ce, "Musulmi inda ya cika nan ake rufe shi."

"Ai a kwalekwale ta cika, Mama, tsakanin Yola da Garwa."

Na ce ta bar mata sauran numfashi tukuna, in yi tunani. Tun jiya na kasa zama wuri ɗaya.

Ku da fatauci ya kawo kakanninku nan Garwa, wane gefe za ku ce a tuƙa?