Wuƙar Ilu Direba

Shekara hamsin ke nan cif da aka kashe Ilu a gefen layin dogo, ina tsaye a kan jirgi da shebur a hannu. Shi ne direba, ni ne mai zuba kwal. Unguwarmu ɗaya a Daura, tare muka tafi Kano neman aiki, zamanin da in ka ce aikin jirgin ƙasa kake yi sai 'yan garinmu su tambaye ka ko yana shan ruwa. Yana sha kuwa, fiye da raƙumi ɗari.

Har yau akwai masu cewa faɗa Ilu ya sauka yi. Ƙarya ce, kuma ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka gani.

Ilu ɗan dillalin shanu ne, kullum da wuƙa a ƙugunsa. In jirgi ya buge dabba, sauran direbobi wucewa suke yi. Shi sai ya taka birki, ya dira, ya yanka ta kafin rai ya fita, don kada ta zama mushe mai ita ya tashi a tutar babu. An sha ja masa kunne, bai fasa ba.

Ranar da abin ya faru, da tsakar rana ne, a hanyar Nguru. Muna shan kwana sai ga garke a kan layi. Ilu ya ja usur, ya danne birki har ƙarfe na tartsatsin wuta, amma ina! Na ji ƙasusuwa suna karyewa a ƙarƙashinmu. Jini ya fantsamo kan tukunyar jirgi yana soyuwa, ƙaurin ya cika mana hanci. Shanu bakwai, wasu hanji a waje, suna shure-shure.

Ya ce, "Malam Audu, kula da wuta, bari in ceto abin da zai cetu."

Ya yanka biyu. Yana durƙushe kan ta uku, ya juya kanta alƙibla, sai mai shanun ya ɓullo daga daji a guje. Dattijo ne. Me ya gani? Mutumin da ya murƙushe masa dukiya, jini har gwiwar hannu, yana bin sauran da wuƙa. Na ƙwala ihu, "Baba, yanka yake maka!" Ƙugin jirgi ya haɗiye muryata. Gora ɗaya ya sauke masa a ƙeya. Ilu ya kife kan saniyar, bai ko shura ba.

Ban sauka ba. Na daɗe ina cewa ba a barin tukunya da wuta ba kowa. Gaskiyar ita ce tsoro na ji, kuma har gobe ina jin haushin kaina.

Yanzu ga layin dogo ana shimfiɗawa ta Daura, abin da Ilu ya yi ta fata muna yi masa dariya. Jikokina sun ce sabon jirgi ba kwal, ba hayaƙi, gudunsa kamar iska. Na san Ilu ba gudun zai tambaya ba. Cewa zai yi, ina burtali, ta ina shanun ƙasar Baure za su tsallaka? In an buge su, wa zai tsaya?

Ilu bai mutu ya bar gida ba, bai bar gona ba, kawunan jirgin da muka tuƙa ma tsatsa ta cinye su. Abin da ya saura shi ne abin da idona ya gani bayan ya faɗi. Dattijon ya dubi wuyan shanu biyun nan, ya ga yankan Musulmi, sai gorar ta suɓuce masa. Ya ɗauki wuƙar Ilu, ya yi bisimilla, ya ƙarasa ta ukun yana kuka kamar mace. Sannan ya tako har gindin jirgi ya miƙo mini wuƙar, ya zauna a ƙasa yana jiran 'yan sanda.

Wuƙar tana wurina. Da ita nake layya duk shekara. Allah ya jiƙan Ilu.